Hannun Tela Ba Ya Manta Awo

Shafi na 23

Masu bibiyar labarin nan, na gode da haƙurinku. Na ga masu cewa na gudu, har da wanda ya ce zai kai ƙarata wurin mahaifiyata. Ban gudu ba, aiki ne ya sha kaina. Allah Ya bar zumunci. Mun tsaya inda Baba, tsohon telan nan da ciwon ido ya rufe wa gani, ya faɗa a gaban kowa cewa a zaɓen gobe Auta ne zai riƙe masa hannu, ba Yaya ba.

*

Rana ta take tsaka lokacin da Yaya ya shigo shago. Auta yana duƙe a kan teburin gyara, ya buɗe cikin wata waya yana neman inda wuta ta tsinke. Bai ɗago ba, amma ya san ko waye. Ƙarar tarin makullan nan da Yaya yake kaɗawa a yatsa, ko a tsakiyar kasuwa ba ta ɓuya.

"Injiniya."

Yaya ba ya ce masa Injiniya sai in akwai magana.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ya zirga-zirga?"

"Sai gobe ta wuce. Ajiye wannan ka juyo."

Yaya ya jawo kujerar masu jira ya zauna. Ya cire hular kamfe mai hoton Oga, ɗan takarar da ya shekara biyar yana yi wa hidima, ya ɗora ta a gwiwa.

"Ka ji abin da Baba ya ce da safe."

"Na ji."

"Ni ban ji haushi ba. Kai ma ɗansa ne. To ga yadda za a yi. Takardar ƙuri'ar gida bakwai ce, daga sama zuwa ƙasa. Namu shi ne na biyu. Ka kama babban yatsansa, ka kai na biyu, ya dangwala. Sai ka ɗauki hoto, nasa da naka, ka turo min. Shi ke nan."

"Ai ba a shiga da waya."

"Kai da ka shekara uku kana tsallake katangar makaranta maigadi bai taɓa kama ka ba, waya ce za ta gagare ka ɓoyewa?"

Auta ya yi ɗan murmushi, amma bai kai zuci ba.

"In Baba ya ce ba na biyu yake so ba fa?"

"Sai ka ce masa to."

"Sannan?"

"Sannan ka kai na biyu. Ai ba gani yake ba."



Yaya ya sassauta murya.

"Auta, Oga ya ce kowane yaronsa ya kawo hoton ƙuri'un gidansu. Ya ce wanda gidansu bai bi shi ba, da wane baki zai ce ya kawo unguwa? An yi min alkawarin kujera a ofis. 'Ya'yana uku. Na gaji da bin mota ina ihu a lasifika."

"Na sani, Yaya."

"To in ka sani, wa ya ba ka teburin nan?"

"Kai ne."

"Wa ya ba ka makulli?"

"Kai ne."

"Madalla. Kar ka sa in tambaye ka makullina."

Ya mayar da hula, ya fita yana kaɗa makullai.

Auta ya daɗe yana kallon ƙofa.

Gaskiya Yaya ya faɗa, kuma ita ce ta fi ciwo. Shekarar da Auta ya jefar da jakar makaranta a aji uku, dangi kowa ya wanke hannunsa. Ya gwada wankin mota, sati biyu ya bari. Ya gwada tallan ruwa, kwana huɗu. Ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya, har ana ce masa ɗan akuya. Yaya ne ya kamo shi a bakin titi, ya kai shi wurin mai gyaran waya, ya zauna a ƙofa kwana uku cur yana gadinsa don kada ya gudu. Da ya iya, Yaya ya share masa kusurwar shagonsa, ya sayo masa fitila da mita da ƙananan sukundireba, ya ce, "Ga duniyarka nan. In ka gudu wannan karon, ni ma na haƙura."

Bai gudu ba. Duk wanda ya kira shi Injiniya yau, albarkacin Yaya ya ci.

Ya ja numfashi, ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko wayar Baba. Tsohuwa ce mai madannai, sifikarta ta mutu, Baba ya ba shi da safe ya canja. A kan madanni ɗaya akwai ɗigon gam da ya bushe ya yi tudu. Auta ne ya ɗiga shi da hannunsa shekara biyar da suka wuce.

Dalili kuwa, Baba mutum ne mai rubutu. Tun yana ɗinki, littafin awo ba awon riga kawai yake ɗauka ba. Ranar da aka yi haihuwa, ranar da ruwan farko ya sauka, wanda ya zo gaisuwa, duk yana ciki. Da ido ya tafi, rashin littafin nan ya fi rashin keken ɗinki yi masa ciwo. Shi ne Auta ya koya masa: ka laluba ɗigon gam, ka danna, ka yi maganarka, waya ta riƙe maka. Ranar Baba ya shafa kansa ya ce, "Ashe barin makarantarka ma akwai rabona a ciki."

Ya gama ɗaura sabuwar sifika. Sai gwaji. Ya shiga cikin muryoyin, ya gangara can ƙasa, ya danna ɗaya ba tare da ya duba ba.

Muryar Baba ta fito tar.

"Yau ranar zaɓe. Babban ne ya shiga da ni. Na ce masa gida na biyar. Ya ce to Baba. Jiya na sa uwarsu ta kai ni jikin takardar gwaji da aka manna a bango, na auna da tef. Daga bakin takarda zuwa na biyar, inci shida ne. Yau da ya ɗora hannuna, ɗan yatsana yana bakin takarda. Inda ya dangwala min bai kai inci uku ba."

Sai tarin Baba.

"Ban ce komai ba. Yana neman abin da zai riƙe iyali. Na yafe masa. Amma na rubuta."

Muryar ta katse.

Auta ya duba kwanan wata. Shekara huɗu cif.

Ya ajiye wayar a hankali kamar ƙwai. Wato Baba ya sani. Shekara huɗu yana cin abinci kwano ɗaya da Yaya, yana sa wa 'ya'yansa albarka, yana tambayarsa ya Oga, bai taɓa ko nuna a fuska ba.

Wata zuciyar ta ce masa, ga makami ka samu. Ka kunna wa Yaya a gaban Umma, ka ga ko zai ƙara yi maka maganar makulli.

Ya girgiza kai. Mutumin da ya yi gadinka kwana uku a rana, ba ka tsiraita shi da muryar da ba taka ba.

Ya rufe shago tun kafin la'asar.

*

Baba yana zaune a inuwar baranda kusa da keken ɗinkinsa. Shekara shida ke nan bai ɗinka ko hula ba, amma kullum sai ya goge keken ya ɗiga masa mai. Umma tana gefe tana ninke wanki.

"Mai gudu ya dawo da wuri," in ji Baba tun kafin Auta ya yi sallama. "Ko an kore ka ne?"

"Tukuna dai, Baba."

"Tukuna? To fa. Ina wayata?"

Auta ya durƙusa ya sa masa a tafin hannu. Baba ya laluba ɗigon gam da babban yatsa, ya gyaɗa kai.

"Ka gwada ta?"

"Na gwada."

"Da wace murya?"

Auta ya sunkuyar da kai. Baba ya karkata kunne kamar mai sauraron numfashinsa.

"To," in ji shi. "Allah Ya sa ka iya riƙe bakinka kamar yadda ka iya riƙe sukundireba."

Umma ta dube su.

"Ku kuma wace magana ce kuke yi a dunƙule kamar masu cinikin akuya?"

Kafin a ba ta amsa, ƙarar makullai ta shigo tsakar gida. Yaya ya yi sallama, ya gaida Baba, ya gaida Umma, ya ajiye mata leda cike da huluna da riguna na kamfe.

"Umma, ga na rabo."

"Kai dai ka mayar min da ɗaki kantin hula. Na bara ma da su nake goge tukunya."

Yaya ya yi dariyar dole, ya juya wurin Auta.

"Na biya shago na tarar a rufe. Lafiya?"

Auta ya miƙe. Ƙafafunsa suna rawa, irin rawar da suke yi in gudu ya taso masa. Wannan karon ya dake. Ya sa hannu a aljihu, ya zaro makullin shago, ya ɗora a kan teburin keken ɗinki.

Ƙarfe ya bugi ƙarfe, ƙararsa ta cika barandar.

"Mene ne wannan?" in ji Yaya.

"Makullinka ne, Yaya."

"Na ce ka kawo?"

"Ba ka ce ba. Amma gobe za ka ce, gara in hutar da bakinka." Ya dubi Yaya ido da ido. "Wallahi duk abin da na zama, bayan Allah kai ne. Ko ka kore ni, duk inda na ɗora tebur sunanka zan riƙa faɗa. Ka ce in kwana a shago ina gadi, zan kwana. Ka ce in bi motar kamfe ina ihu, zan bi. Amma yatsan Baba, inda ya ce nan zan kai shi. Nawa kuma inda zuciyata ta kwanta. Ba hoto."

Umma ta saki rigar da ke hannunta.

"Wane hoto? Wane yatsa?"

Yaya ya ƙanƙance ido.

"Kai, yaushe ka yi wayon da za ka tsaya a gabana kana wa'azi? Me ka sani a siyasa? Ko takardar aji uku ba ka da ita!"

"Ba ni da ita."

"Ni na shiga da Baba wancan karon, wani abu ya same shi? Ba lafiya muka fito ba? Baba, don Allah ka faɗa masa. Ban kai ka inda ka ce ba?"

Auta ya ji wayar nan tana yi masa kira daga tafin hannun Baba. Danna ɗaya kawai. Ya cije leɓe, ya kafe idonsa a ƙasa.

Baba ya goge hannunsa da tsumman mai, yatsa bayan yatsa, bai yi sauri ba.

"Babba, zo nan."

Yaya ya matso.

"Miƙo hannunka."

Baba ya kama hannun, ya ɗora ɗan yatsansa a wuyan hannu, ya buɗe tafi ya sauke babban yatsa a damtse.

"Nan zuwa nan inci nawa ne?"

"Baba, ni ina na sani?"

"Takwas da rabi. Uwarsu, ɗauko tef."

Umma ta zaro tef daga aljihun keken, ta auna, ta kama baki.

"Takwas da rabi."

"Shekara arba'in ina yanka yadin mutane," in ji Baba. "Ido ne ya tafi, ɗana. Hannu yana nan. Na biyar inci shida ne daga bakin takarda. Kai kuwa ko uku ba ka kai ni ba."

Makullan da ke yatsan Yaya suka daina motsi.

"Baba..."

"Ban gama ba. Wadda nake so in zaɓa a lokacin, tsohuwar shugabar makarantarku ce. Ita ce ta zo har gidan nan sau uku tana neman wannan ɗan akuyar ya koma aji. Ba ta ci ba. Da ƙuri'ata ma wataƙila ba za ta ci ba. Amma tawa ce. Makaho ba shi da abubuwa da yawa da suka rage nasa shi kaɗai."

"Inna lillahi," in ji Umma a hankali. "Shekara huɗu, Malam, ko ni ba ka faɗa wa ba?"

"In na faɗa miki ai na faɗa wa unguwa."

"Ka ji shi ko! A irin wannan lokacin ma sai ka tsokane ni."

Ba wanda ya yi dariya. Yaya yana tsaye, hannunsa har yanzu a cikin na Baba. Zufa ta keto masa a ƙarƙashin hula.

"Me ya sa ba ka yi magana ba tun a ranar?"

"Don na ji hannunka yana rawa. Wanda ya saba cuta hannunsa ba ya rawa. Na ce wannan tsoro ne, ba mugunta ba. Kuma kai ne ka tsamo min ƙaninka daga titi, kai kake kai ni asibiti, kai kake cika mana buhu. Na auna wannan, na auna wancan, alherinka ya fi tsawo. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na gode maka, har gobe ina godiya. Amma ba zan sake ba ka yatsana ka kai inda ban aike shi ba."

Yaya ya zare hannunsa a hankali. Ya dubi Auta, ya dubi wayar da ke cinyar Baba, ya gane.

"Ka ji a waya ko?"

"Na ji."

"Me ya hana ka kunna min?"

"Kai Yayana ne."

Yaya ya kau da kai. Ya kai hannu ya ɗauke makullin shago daga kan keken, ya jefa a aljihu, ya fita ko sallama babu.

Umma ta bi ƙofa da kallo, idonta ya ciko.

"Yanzu ka ga abin da ka jawo wa yaro. Ina zai ɗora teburinsa?"

"Ga baranda," in ji Baba. "Ni da shi da keke, sai mu buɗe kamfani."

*

Da safe layi ya miƙe tun daga ƙofar makarantar unguwa har bakin titi. Auta yana riƙe da gwiwar hannun Baba, katin zaɓe biyu a aljihun gaba. Nasa sabo fil, karon farko ke nan. Mutane suna ta buɗe musu hanya.

"A bar tela ya wuce!"

"Baba, rigar aurena har yanzu tana nan!"

"Amma ba ta shigarka," in ji Baba. "Daga muryarka na ji tumbi."

Layi ya kwashe da dariya.

A gindin bishiya, can gefe, motar kamfe tana tsaye. Yaya yana jikinta, ba hula a kansa. Kusa da shi wani dogo mai baƙin tabarau, na hannun daman Oga, yana duba waya yana duba fuskokin mutane.

Ma'aikaciyar zaɓe ta karɓi katin Baba, ta sa yatsansa a na'ura, na'ura ta yi ƙara ta amince. Ta yago takarda ta buga mata hatimi.

"Baba, wa zai shiga da kai?"

Auta ya matsa gaba.

"Ni ne."

Sai ya ji Baba ya zare gwiwar hannunsa.

"Dakata. Yayanka yana nan. Tun daga bakin titi nake jin makullansa."

"Baba, ai jiya ka ce..."

"Na san abin da na ce. Kai na riga na auna ka jiya, ka cika. Saura shi. Ba a yanke wa mutum hukunci da awo ɗaya." Ya ɗaga murya. "Babba! Zo ka shiga da ni."



Yaya ya ɗago kamar wanda aka watsa wa ruwa. Mai tabarau ya yi murmushi, ya dafa kafaɗarsa, ya raɗa masa magana. Auta bai ji ba, amma ya ga yatsan mutumin yana nuna aljihun da wayar Yaya take.

Yaya ya taho. Taku ɗaya, taku biyu, makullai ba sa kaɗawa. Da ya iso gaban Auta ya tsaya. Idonsa ja, kamar bai runtsa ba.

Ya sa hannu a aljihu. Ya kamo hannun Auta, ya buɗe tafin, ya ɗora masa abu biyu, ya dunƙule masa yatsu a kai.

Makullin shago. Da wayarsa.

"Riƙe min wayar," in ji shi. "Wancan kuma naka ne, Injiniya."

Auta ya matsa gefe, ya ba shi hanya.

Yaya ya kama hannun Baba da hannu biyu, suka nufi ɗan akwatin katako da aka kange a kusurwar aji. Daga inda Auta yake ba ya ganin takarda. Bayansu kawai yake gani, da gwiwar hannun Baba. Ya ga ta ɗaga. Ya ga ta tsaya a sama, kamar yadda take tsayawa a bakin yadi. Sannan ta fara gangarowa a hankali.

Ɗaya.

Biyu.

Wayar Yaya ta ɗauki ruri a tafin hannunsa. Ya duba. Harafi uku ne a kan gilashin: OGA.

Inuwa ta rufe shi. Mai tabarau ne tsaye a kansa, murmushin nan ya ɓace, ya miƙo hannu.

"Kai ne ƙanin nasa ko? Maza bi shi da wayar nan ciki."

Auta ya ji ƙafafunsa sun fara rawar nan tasu. Ya dubi ƙofa, a buɗe take. Ya dubi kusurwa, gwiwar hannun Baba ta wuce na biyu, ba ta tsaya ba.

Ya jefa wayar a aljihu tana ta kuka, ya gyara tsayuwa a tsakiyar hanya.

"Malam," in ji shi, "bi layi."